An Shimfiɗa Dogo Don Auduga, Sai Gyaɗa Ta Hau

A watan Maris na shekarar 1911 ƙarfen dogo ya iso Kano. Daga Baro aka jawo shi, wani ƙaramin gari a bakin kogin Kwara, tafiyar mil 350 da 'yan kai. Shekara takwas ke nan da Turawa suka ci birnin, Sarki Abbas kuma yana kan karaga. Ba a jima ba aka haɗa wannan layi da wanda ya taso daga Legas, a 1912 kuma aka buɗe shi ga fasinja da kaya. Waɗanda suka matsa a yi aikin sun san abin da suke so jirgin ya ɗauko musu, wato auduga. Abin da ya cika taragai kuwa gyaɗa ce, kuma ba a Landan aka tsara hakan ba.

A yau ana ta yi mana albishir cewa sabbin fasahohi za su sake fasalin sufuri da birane da kuɗi, tun daga kuɗin intanet har mota mai tuƙa kanta. To, ƙasar Hausa ta taɓa shiga irin wannan juyi, kuma mun san yadda ya kaya. Cikin shekara ashirin hanyar fatauci ta juya daga arewa zuwa kudu, kuɗin da aka yi kusan ƙarni biyu ana ciniki da su suka koma kayan ado, garuruwa suka tsiro a daji, wasu kuma suka dushe. Labarin yana nuna cewa mai kawo fasaha ba shi kaɗai ke yanke abin da za a yi da ita ba. Yana kuma nuna cewa iya amfani da abu daban, mallakarsa daban.

Kafin dogo, babbar hanyar Kano zuwa kasuwannin Turai ta hamada take. Ayari yakan tashi ya bi ta Damagaram da Agadas da Ghat ko Ghadames har ya dangana da Tarabulus a bakin teku, tafiyar watanni. Wata hanyar kuma ta yi yamma, inda fatake ke kora jakuna zuwa Gwanja su sayo goro. Tsadar dako ita ke zaɓar abin da za a yi fatauci da shi. Kayan da zai biya kuɗin raƙumi da na jagora da fiton da ake biya a hanya dole ya zama mai daraja marar nauyi: turkuɗi da sauran rinannun tufafi, jan kirgi, gashin jimina, hauren giwa, kanwa, goro. Gyaɗa da hatsi ba su cikin wannan lissafi. Buhun gyaɗa zai cinye kuɗinsa a ciyar da dabbar da ke ɗauke da shi tun kafin a yi nisa. Don haka gyaɗa ta zauna a matsayin abin gida, mata su matse mai, su soya ƙuli-ƙuli.

Kuɗin ma kansu kaya ne. Wuri ake ciniki da shi, kuma kalmar da muke cewa kuɗi har gobe jam'in wuri ce. Daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya ake kawo shi, daga baya 'yan kasuwar Jamus suka riƙa jibgo wani iri daga gaɓar Zanzibar, darajarsa ta yi ta faɗuwa. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke sayen riyalin azurfa guda na Mariya Tareza. Keso ɗaya, wato wuri 20,000, dakon mutum guda ne, amma darajarsa riyal takwas kacal. Mai karatu ya auna wahalar biyan babban bashi a wani gari: sai an ɗauki 'yan dako, an ciyar da su, an kuma zauna ƙirga. Wannan ne ya sa manyan cinikayya suka dogara da bashi da amana da wasiƙa tsakanin maigida da wakilinsa, wani lokaci kuma, abin baƙin ciki, da bayi a madadin manyan kuɗi. Wannan tsari na amana shi ne jarin da ya fi amfanar Hausawa sa'ad da jirgi ya iso.

Me ya sa Turawa suka yi dogon? Akwai dalilin mulki, don a iya kai soja da ma'aikata da sauri. Akwai kuma na masaƙun Lankasha a Ingila, waɗanda suka gaji da dogaro da audugar Amurka. A 1902 suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a Manchester, suka kuma sa ido a kan Arewacin Nijeriya, ƙasar da kowa ya san tana noma auduga tana saƙa. Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a ma'aikatar ƙasashen mallaka, yana cikin masu goyon bayan aikin. Aka turo Percy Girouard ya zama gwamna a 1907, injiniyan da ya riga ya shimfiɗa wa sojojin Ingila dogo a hamadar Sudan.

Aikin kuwa da ƙarfin talakawa aka yi shi. Ta hannun sarakuna da hakimai ake ɗebo mutane daga ƙauyuka, da yawa ba da son ransu ba, su bar gonakinsu su je sara da haƙa da ɗaukar ƙasa. Daga nan aikin diga ya shiga bakin Hausawa a matsayin sunan wahala. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda layin ya ratsa ƙasarsa, har waƙa ya rubuta a kan al'amarin, Waƙar Diga. Leburorin nan da tsabar Turawa ake biyansu, kuma ta hannunsu sababbin kuɗin suka fara shiga ƙauyukan da ba su taɓa ganinsu ba.

Da layi ya kammala sai lissafin Manchester ya rushe. Masaƙan Kano da marinanta suna sayen auduga da farashin da ya fi wanda Turawa ke tayawa, don haka manomi bai ga dalilin kai wa Bature ba. A daidai wannan lokaci kuma wata fasaha can a Turai ta buɗe wata ƙofa. Tun 1869 aka ƙirƙiro majarin a Faransa, wato man shafa wa burodi mai araha da ke maye gurbin man shanu. A 1902 wani masanin haɗa sinadarai na Jamus, Wilhelm Normann, ya yi rajistar hanyar daskarar da man tsirrai, abin da ya sa man gyaɗa ya dace da wannan sana'a. Masana'antun Turai suka shiga neman gyaɗa ido rufe, kamfanonin da suka biyo jirgi zuwa Kano suka fara tayawa da tsada.

Manomin Kano ya yi nasa lissafin. Gyaɗa tana son jigawa, irin ƙasar da ta kewaye birnin. Ana iya shuka ta tsakanin gero da dawa, tana ƙara wa gona ƙarfi, ba ta kuma kai auduga cin aiki ba. Uwa uba, in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. A 1912 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta wuce tan 2,500 da ɗoriya ba. A 1913 ta haura tan 19,000. Tashar Kano ta cika da buhuna har hukumar jirgin ta rasa taragan kwashewa.

Labarin farashi bai kai kansa ƙauye ba. Turawan kamfani ba su jin Hausa sosai, ba su san hanyoyin karkara ba, ba su kuma san wanda za a ba bashi ya dawo da shi ba. Waɗanda suka sani su ne fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, masu yara da wakilai a kasuwannin ƙauye. Irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Adamu Jakada suka baza yaransu da gishiri da tufafi da kuɗi, a ba manomi tun kafin kaka, ya biya da gyaɗa. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877. Tun yana fataucin goro ya gane amfanin sabuwar hanya, yana cikin Hausawan farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau zuwa Legas, maimakon doguwar tafiyar ƙasa. Daga baya ya zama babban mai saya wa Niger Company gyaɗa. Ana ba da labarin cewa a 1929 ya kai ajiyar azurfa ta raƙumi 20 bankin Turawa na Kano, wanda ya zama First Bank na yanzu. Raƙumi ɗauke da sulallan Ingila zuwa ƙofar banki: tsohon zamani da sabo ke nan suna aiki tare, kuma haka sauyin ya kasance a zahiri.

Su kansu sulallan ba don sun fi wuri sauƙin ɗauka kaɗai suka yi nasara ba. A 1904 gwamnatin mulkin mallaka ta hana shigo da wuri. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, ta fara buga nata tsabar. Abin da ya ƙarasa aikin shi ne haraji da jangali, da aka koma karɓarsu da kuɗin Bature. Magidanci na iya ƙin sule a kasuwa, amma ba zai ƙi shi ranar da dagaci ya zo karɓar haraji ba, hanyar samun sule mafi kusa kuwa ita ce gyaɗa. Ta haka dogo da tsaba da haraji suka zama igiya ɗaya. Matsalar da ta rage ita ce ta canji. Wuri yana sayen ƙosai ɗaya ko ɗan gishiri, kwabo kuwa ya yi wa irin wannan ciniki girma, shi ya sa aka buga anini, kashi ɗaya cikin goma na kwabo, mai huda a tsakiya. Duk da haka wuri ya daɗe a hannun mata a ƙananan kasuwanni. Wanda ya tara dukiyarsa a keso kuwa, yana ji yana gani ta narke. Harshe ya adana mana tarihin: anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule, fataka, fam. Har yau akan ce wane ba shi da ko anini.

Taswirar garuruwa ma ta sake. Tashar Kano a wajen ganuwa aka yi ta, kuma nan sabuwar rayuwa ta taru: kantunan kamfanoni, unguwar Turawa a Nasarawa da Bompai, 'yan kasuwar Siriya da Labanan kusa da Fagge. Wajen 1913 aka yanka Sabon Gari don akawuna da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu. Jirgi ne ya kawo su, amma manufar mulki ce ta ware su daga mutanen birni, da kotu daban da makaranta daban, kuma an ga ɗacin wannan rabuwa a rikicin Kano na 1953. Kaduna, wadda ba wani gari ba ce kafin dogo, ta karɓi hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Baro, inda aka fara aikin, ta koma baya bayan an gama gadar Jebba a 1916, don kaya sun daina buƙatar kogi. Da layi ya kai Kaura Namoda a 1929 da Nguru a 1930, waɗannan garuruwa suka zama manyan wuraren awon gyaɗa, har manoman Maraɗi da Damagaram, da ke ƙarƙashin Faransa, suka riƙa turo tasu ta nan.

Fataucin hamada zuwa Tarabulus bai yi tsawon rai bayan wannan ba. A shekarar da dogo ya iso Kano Italiya ta kai wa Libiya yaƙi, ga shi kuma aika fata ta Legas ya fi sauri da araha. Larabawan Kano da kansu suka koma bin teku. Amma raƙumi da jaki ba su rasa aiki ba. Jirgi ba ya shiga gona, don haka dabbobin da da ke ƙetare hamada suka koma jigilar buhuna daga ƙauye zuwa tasha, har zuwa lokacin da manyan motoci suka karɓe su. Sabuwar fasaha ta kashe doguwar tafiya, ta kuma ƙara wa gajeriyar daraja.

Sai dai akwai abin da manomi da ɗan kasuwar Kano ba su samu ikon zaɓa ba. Damina ta ƙi a 1913, yunwar da ake kira Kakalaba ta biyo baya a 1914, mutane masu yawa suka mutu. Dogon da ya iya fitar da dubban tan na gyaɗa bai shigo da hatsin da ya isa ceto ba, domin ba don haka aka tsara shi ba. Layi ne guda da ya miƙe zuwa teku. Farashi kuma a kasuwannin Turai ake yanka shi. Da tattalin arzikin duniya ya karye daga 1929, kuɗin gyaɗa ya zube, haraji kuwa yana nan yana jira. Bayan yaƙin duniya na biyu hukumar cinikin amfanin gona ta karɓi ragama, tana saye a hannun manomi ƙasa da farashin duniya tana riƙe rarar. Mafi yawan gyaɗar kuma ɗanya take fita, ribar matse ta da sarrafa ta tana can inda masana'antu suke.

Ko dalar gyaɗa, wadda muke alfahari da ita a hotuna, tana da wata fuskar. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san cewa duk inda aka ga aiki ya taru yana jiran layi, to akwai wata ƙofa a gaba da ta yi ƙanƙanta. Dala ma haka take. Gyaɗa tana shigowa cikin 'yan watannin kaka, jirgi mai layi ɗaya da ƙarancin taragai ba ya iya kwashe ta, sai a jera buhuna dubbai a rufe da tamfol, wani lokaci har wata kakar ta riske su. Dala shaidar ƙwazon manomi ce, kuma shaidar gazawar sufuri ce. Daga baya titi da manyan motoci suka janye kaya daga jirgi, farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka karya noman, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati. Filayen dala suka zama filin ƙwallo da shaguna.

In aka ɗora wannan tarihi a kan abin da ke faruwa yanzu, kamannin ba su ɓuya. A watan Oktoban 2021 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da eNaira, kuɗin intanet na gwamnati na farko a Afirka. Jama'a ba su karɓe ta ba. A farkon 2023, sa'ad da canjin fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, tilas ta yi aikin da haraji ya yi a zamanin sule: mai shayi da mai nama da mai kayan miya suka koyi karɓar tiransifa cikin 'yan makonni. Amma ba eNaira suka runguma ba. OPay da Moniepoint da PalmPay suka bi, da kuma mai POS da ke zaune ƙarƙashin lema a bakin kasuwa. A wasu garuruwan kan iyaka ma sefa aka koma. An sake shimfiɗa hanya don auduga, gyaɗa ta hau. Mai POS ɗin nan kuwa shi ne magajin yaran Ɗantata. Tsohuwar da ba ta karanta boko ba ta san manhaja ba, amma ta san yaron, ta san gidansu, ta san inda za ta same shi in kuɗi suka maƙale.

Ɗaya rabin darasin ma yana nan. Wasu daga cikin manyan kamfanonin nan jarin ƙasar Sin ne a bayansu. Bayanan cinikin miliyoyin mutane, wa ya saya, me ya saya, yaushe, suna taruwa a na'urorin da ba a Kano ko Katsina suke ba, kuma da su ake gina sababbin sana'o'i kamar ba da bashi ta waya. Wannan ita ce ɗanyar gyaɗar zamaninmu. A watan Maris na 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar banki ta tangaɗa har cikin Arewa. Layin namu har yanzu teku ya nufa.

Akwai abu ɗaya da ya bambanta a wannan karo. Dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Karo na farko ke nan da ƙarfe zai fuskanci arewa har ya ƙetare iyaka, ɓangaren da ayari ke bi a da. Masu tsara shi suna da lissafinsu na kayan da zai ɗauka. In tarihi abin dogara ne, 'yan kasuwar Dawanau da na Maraɗi da masu dabbobin kan iyaka su ma za su yi nasu, kuma nasu ne zai cika taragai.

Iya karɓar sabon abu a juya shi ya dace da bukata ba ta taɓa yi wa Bahaushe wuya ba, 1913 ta nuna haka, 2023 ta maimaita. Abin da ya kuɓuce wa kakanninmu shi ne sikeli da farashi da masana'anta, kuma su suna da uzuri, domin da bindiga aka ci ƙasarsu. Mu ba mu da wannan uzuri. Rubuta manhaja ba ya buƙatar ƙarfen dogo ko aikin diga. Manhajar biyan kuɗi da ke magana da Hausa ta murya don wanda ba ya karatu, tsarin adashi da bashin kasuwa da aka gina a kan amanar da ta riga ta wanzu, rumbun bayanan farashin hatsi da ke hannun ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa: duk waɗannan ayyuka ne da matasan Kano da Zariya da Damagaram za su iya yi da kwamfutar da ke kan cinyarsu. In ba su yi ba wani zai yi, ya kuma ɗauke su aikin wakilci a bakin kasuwa, a biya su kwamisho.